Wa Ke Riƙe da Makullin Ɗakin Amarya?

A Zongon Kumasi ba a cika jin biki ya ɓaci saboda babban abu ba. Sadaki yana hannu tun da wuri, waliyyi ya san ranarsa, liman ya san hanyar gidan, shaidu kuwa har sun yi yawa. Waɗannan duk akwai idanu ɗari a kansu. Abin da ke sa uwar amarya share hawaye a bayan ɗaki da hantsin Lahadi, ya kuma sa dangi biyu su shekara suna gaisawa sama-sama, bai wuce zif ɗin da ya ɓalle ba, ko goron da ya ƙare kafin ya kai sahun dattawan Aboabo, ko makullin da ya tafi Suame a aljihun wani. Ƙananan abubuwa ba su da mai kula da su, don kowa yana ganin ya fi ƙarfinsu. Saboda haka nake ganin wajibi ne duk gidan da ya sa ranar biki ya naɗa mutum ɗaya, a kira sunansa a gaban jama'a, wanda ba shi da wani aiki a ranar sai jiran abin da zai lalace.

Mace ta fi dacewa da wannan kujera, domin tana iya shiga ɗakin amarya, tana kuma iya leƙa zaure ta aika yaro. Uwar amarya ba ta ciki, hankalinta ya rabu gida goma. Aluwanka ba ta ciki, tana da nata aikin na wanka da shirya yarinya. Ƙawayen amarya ko kusa, su ma sun zo a gan su ne. A nemi gwaggo ko inna wadda ta wuce arba'in, ba ta goyo, ba ta gaba da kowa a cikin dangin biyu, kuma tana iya duban Alhaji ta ce masa, “Yaya, ka yi haƙuri, motar nan ba za ta je ko'ina ba sai an kai amarya.” Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne kada ta kasance wadda kiɗa ke ɗauka. Macen da ƙafarta ke motsi da kanta in mai kalangu ya ambaci sunan kakanta mutuniyar kirki ce, amma ba ita za a ba jaka ba. Ta sa yayin biki kamar kowa don kada a ce ta ware, sai dai ɗinkin ya zama mai walwala, takalminta kuma maras tsini.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikinta yana farawa ne tun ranar da aka zauna sa rana, da kalanda a hannunta. Mu a Zongo yawanci Lahadi muke ɗaura aure. Maƙwabtanmu Asantawa kuwa Asabar suke jana'iza, kuma jana'izarsu taro ne na ɗaruruwan mutane, da rumfuna da kujerun roba da manyan lasifika. Mai ba da hayar nan guda ne a gare mu da su. Rumfar da za ta yi wa ɗaurin aurenku inuwa da safiyar Lahadi, da yammacin Asabar tana can Bantama ko Tafo a kan masu makoki, yaran da za su kwance ta su loda wa aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, kuma sun wuni a tsaye. Makara ke nan, kuma ita mai sauƙi ce. Wadda ta fi ta nauyi ita ce maganar launi. Rumfar makoki ja da baƙi ce. In aka sauke ta a ƙofar gidanku da asuba, cikin duhu, aka kafa ta kafin kowa ya duba, to gari na wayewa maƙwabciyar da ba ta yi laifin komai ba za ta ɗaura baƙin zane ta shigo da hannu a ka tana tambayar wa ya rasu. Baƙin da suka kwana a mota daga Bawku ko Tamale za su tsaya a bakin lungu suna salati. Amsar da za a ba su mai daɗi ce, amma zuciyar da ta faɗi ta riga ta faɗi.

Maganin wannan shi ne Gwaggo ta je wurin mai haya da ƙafarta ranar Juma'a, ta ga rumfar da idonta, a rubuta launin a jikin rasit. Ta kuma tanadi yadi fari mai tsawo da igiya, in ta ɓaci a lulluɓe gezar. Kafin kowa ya zauna, a zagaya ƙafafun rumfar ɗaya bayan ɗaya, domin masu jana'iza sukan manna hoton mamaci, kuma masu kwancewa ba koyaushe suke cirewa ba. Ango bai kamata ya karɓi gaisuwar abokansa a ƙarƙashin hoton wani dattijon da ya rasu yana da shekara casa'in ba.

Kalandar tana da sauran bayani. Bikin Akwasidae na Asantawa na zagayowa duk bayan kwana 42, kullum ranar Lahadi, a fadar Manhyia, kuma mutanen Alabar da kewaye sun san yadda hanya ke cika a ranar. In kuwa fada ta shiga babban makoki, kamar lokacin jana'izar Asantehemaa Nana Afia Kobi Serwaa Ampem II a Janairun 2017, akan hana kiɗa da hayaniya a gari. Aure yana ɗauruwa ba kiɗa, amma kuɗin kafin alƙalamin da aka ba makaɗi ba ya dawowa da sauƙi, sai a yi maganar tun ranar biya. Sannan a duba ko Asante Kotoko na da wasa a filin Baba Yara. Ƙarfe uku na yamma aka saba take ƙwallo. Duk aikin da ke buƙatar ƙarfin samari, ɗaukar tukunya ne ko jan kujeru, a gama shi kafin ƙarfe biyu. In Hearts of Oak ce ta zo daga Accra, a gama kafin azahar. Sai ruwan sama: Kumasi damina biyu gare ta, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma wanda ke zaune kusa da rafin Aboabo bai buƙatar a gaya masa abin da ruwan sa'a guda ke yi. Katako ɗaya mai faɗi, wanda aka gwada nauyin babban mutum a kansa, a ajiye shi don gittawa a kan kwatar ƙofar gida. Amarya a lulluɓe take, ba ta ganin ƙasa, masu riƙe da ita kuma guɗa suke yi.

Yanzu ga jakar kanta. Kada ta yi kyau, don kada wata ta ɗauka a zaton tata ce. A cikinta abu na farko allura ne, guda huɗu ko biyar, kowace an zura mata zare tun daga gida, fari da baƙi da launin kayan amarya, domin hannun da ke rawa ba ya samun kafar allura. Sai fil na kama zane da ɗankwali, masu yawa, da ƙaramin almakashi, da sabuwar reza, da gam mai kama dunduniyar takalmi, da silifas daidai ƙafar amarya, da hoda fara, da audugar mata, da maganin ciwon kai, da tocila, da cajar waya iri biyu, da biro da takarda. Zif ya cancanci a tsaya a kansa. Ana auna amarya wata guda kafin biki, sannan a zaunar da ita a ɗaki ana ɗura mata kunu da kaza, ranar biki kuma a yi mamakin cewa riga ta ƙi rufuwa. In zif ya cije, a goga masa sabulu busasshe ko kyandir a ja a hankali. In ya ɓalle ɗungurungum, kada a aika neman tela. A ɗinke rigar a jikin amarya daga ƙasa zuwa sama, a saki mayafi a kai, da dare a farke da reza. Wanda ya san an yi haka mutum biyu ne, kuma ya kamata ya tsaya a biyun.

Game da tela, ban yarda a yi masa ƙaryar rana ba, don ƙarya ba ta dace da abin da ake neman albarka a cikinsa ba. A ba shi ranar gaskiya ta wani abu dabam, kamar ranar kai lefe, a ce a ranar ake son kayan. Wannan ya fi zama dole in bikin ya faɗo a Sha'aban, lokacin da kowa ke gaggawar ɗaura aure kafin azumi, teloli kuma sun fara karɓar ɗinkin Sallah.

Tabo iri biyu ke bin fararen kaya a bikin Zongo: man shito, wato miyar barkono, da jan sobolo, wato zoɓo. Kuskuren da ake yi shi ne mutum biyar su taru da ruwa da tsumma suna gurza, ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba ya koma faɗin tafin hannu. Mai ba ya jin ruwa. A barbaɗa masa hoda, a bar ta ta tsotse, a kaɗe, a sake. Sobolo kuwa ruwan sanyi yake so, a riƙa dannawa da tsumma mai tsabta ba tare da gurzawa ba. Abin da ya fi duka shi ne a hana yara masu riƙe da leda kusantar ango da taku uku. Lalle ma yana da nasa haɗari. Jan lalle na gargajiya ba kasafai yake cutarwa ba, amma baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana sa wasu fata kumbura da ƙuraje masu ruwa. A ɗiga kaɗan a cikin hannun amarya kwana biyu kafin ranar ƙunshi a ga yadda fatarta za ta karɓa. In kumburi ya kai fuska ko numfashi ya yi wuya, a bar maganar biki a nufi asibiti, Manhyia ko Komfo Anokye, da katin inshorar lafiyarta wanda shi ma yana cikin jakar.

Kuma a ba amarya abinci. A gidan da aka dafa buhun shinkafa, ita ce mutum ɗaya da ake mantawa. Mai kwalliya ta hana ta ci don jan baki, kunya ta hana ta tambaya, zafi da turare da mayafi uku kuma suna aikinsu. Koko da ƙosai da sassafe, ayaba da ruwa a kusa da ita duk wuni, shi ne ke hana a ce aljanu sun taɓa ta alhali yunwa ce.

Goro kuwa maganar mutunci ce. Kakanninmu saboda shi suka taka daga Kano da Katsina zuwa Salaga, watanni a hanya da jakuna. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, fatake suka yi ta gangarowa kusa da dajin da goron ke fitowa, Zongo ya cika ya batse. A garin da mutane suka zauna don goro, a ce an shafa Fatiha wani dattijo ya tashi hannu wofi, wannan abu ne da za a tuna ranar sunan ɗan fari. Ƙwarya guda goro ɗari ce. A ƙiyasta jama'a, a ƙara ƙwarya biyu a kai, sannan Gwaggo ta ware farare ashirin masu kyau ta naɗe a ganye mai laima ta sa a ƙasan jaka. Waɗannan na malamai da masu unguwa ne da za su iso bayan an watse. In lokacin hunturu ne a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa. Mai rabo kuma ya fara daga sahun gaba ya yi baya, kada ya fara daga bakin hanya inda ’yan wucewa suka fi yawa.

Takardar nan da biro da na ambata, ga amfaninsu. A gidan haya ɗaya a Sabon Zongo ko Asawase ana iya samun Fati uku da Adiza biyu, kowace kuma da sunan da ake kiranta a gida, Ladi ko Lariba ko Asibi, wanda ya sha bamban da na yanka. A rubuta cikakken sunan amarya da na mahaifinta, da na ango da na mahaifinsa, da manyan baƙaƙe, a ba liman ɗaya, a ba sanƙira ɗaya. A ƙarƙashin sunayen a rubuta sadaki, kuma a rubuta shi da sabon kuɗi. Tun Yulin 2007 aka yanke wa sidi sifili huɗu, dubu goma ta koma ɗaya, amma bakin dattawanmu bai karɓi canjin ba har yau. Na halarci wani ɗaurin aure inda sanƙira, tsoho mai murya, ya miƙe ya ce, “An biya sadaki miliyan ashirin, lakadan ba ajalan ba!” Kawun ango da ya zo daga Katsina ya dafa gwiwar yaron da ke kusa da shi.

“Ɗana, miliyan nawa aka ce?”

“Kawu, tsohon kuɗi ne. Sidi dubu biyu ke nan.”

Kawu ya sauke numfashi, amma maganar ta riga ta tsallake katanga. Kafin a gama rabon goro ta isa Katsina ta WhatsApp, ta isa wajen ’yan uwa a Hamburg, kuma iyayen samari uku da ke neman aure a layin sun fara lissafin da ba su taɓa yi ba. Gyara irin wannan labari yana cin mako guda. Sadakin kuma ya zo a hannu, cikin ambulan, mutum biyu sun ƙirga. MoMo, wato tura kuɗi ta waya, abu ne mai amfani, amma jama'a ba za su zauna a rana suna jiran saƙo ya shigo wayar waliyyi ba. A canza ƙananan takardu, na sidi biyar da goma, tun ranar Juma'a, don tun da aka fito da takardar 100 da ta 200 a 2019 ake samun Alhazan da suka zo da niyyar alheri ga maroƙa suka rasa abin da za su miƙa.

Waliyyi ɗan Adam ne, kuma hanyar Anloga Junction da ta Kejetia ba su san shi waliyyi ba ne. Shari'a ta ba da damar wakilci, sai a sa shi ya wakilta wani tun daren Asabar, a gaban shaidu, in har cunkoso ya riƙe shi. Baƙin Najeriya da Nijar kuma a tuna musu agogon Ghana yana bayan nasu da sa'a guda. Waya tana gyara kanta, agogon hannun tsoho ba ya yi. Zai iso ƙarfe takwas yana ganin tara ce, ya tarar ana kafa rumfa, ya ɗauka ba a shirya masa ba. Kujera ɗaya mai kyau da kofin shayi a zaure sun isa su tare wannan.

Wuta ta koya mana darasi a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2015, kuma bai kamata darasin ya tafi don an samu sauƙi ba. Janareta a tayar da shi ranar Asabar a ji kukansa, a ajiye galan na mai dabam wanda mai kiɗa bai san da shi ba. A kafa shi a fili, nesa da taga, ko da ruwa ake yi. Hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kisa, kuma gubar da ke ciki ba ta da wari. Liman ya zauna inda muryarsa za ta kai ga shaidu ko da lasifika ta mutu a tsakiyar siga.

A wajen abinci magana ɗaya ce. Kafin a fara rabon tukunyar farko, a cika kula biyu da shinkafa da wake da nama mai kyau, a kai ɗakin maƙwabta, a kulle. Na dangin ango ne da za su zo a makare. In sun zo da wuri ba a yi asara ba, masu wanke-wanke za su ci. In sun makara aka ba su ƙanzo, amarya ce za ta riƙa jin labarinsa a gidan miji duk lokacin da miyarta ta yi gishiri.

Sai makulli, wanda shi ne ya fi kowane abu ɓacewa, domin ranar biki ɗakin amarya yana da masu iko da yawa. Masu jere sun shiga ranar Juma'a sun kulle. Abokin ango ya karɓa don ya kai fanka. Ƙanwar ango ta karɓa don ta kunna turare. Na ga ayarin kai amarya ya iso ƙofar wani gidan haya bayan isha, motoci da pragya, kekunan haya masu ƙafa uku, sun toshe lungu, mata suna guɗa, aluwanka tana riƙe da hannun yarinya, aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata dattijuwa daga dangin amarya ta juya ta dubi ƙanin ango.

“Kai yaro, ina makullin?”

“Hajiya, yana wurin babban aboki.”

“Shi kuma yana ina?”

“Ya kai baƙi tasha, Hajiya. Wayarsa a kashe.”

Guɗa ba ta iya wuce minti biyu ba tare da dalili ba. Ta mutu. Amarya ta tsaya a tsakar gida a lulluɓe, ’yan haya sun fito da kujerunsu, wani ya kawo shawarar a kira kafinta, wani ya ce kwaɗon na mai gida ne ba a fasa shi sai da izininsa, mai gida kuma ya tafi Ejura. Da aka fasa daga ƙarshe, dangin amarya sun riga sun yanke hukunci a kan irin gidan da suka kawo ’yarsu, hukuncin kuma bai yi wa ango adalci ba, don yaron kirki ne. Makulli uku za a yanka tun ranar da aka biya kuɗin haya. Ɗaya na ango, ɗaya na masu shige da fice, na uku a zura shi a igiya Gwaggo ta rataya a wuyanta a ƙarƙashin riga, kuma ko uwar ango ce ta nema, ta ce, “Mma, mu je tare in buɗe miki.”

Aikinta ba ya ƙarewa da kai amarya. Da asubar Litinin, kafin yaran mai haya su iso, a tara kujeru a ƙirga, a bi gidajen maƙwabta da shagon mai shayi da masallacin layi a karɓo waɗanda suka yi yawo, don duk wadda ta ɓata kuɗinta za a biya. A mayar da kuloli da faranti ga masu su tun ana tuna na wane ne. Sannan ta tsaya a kan ango har ya je rajista. Dokar auren Musulmi ta Ghana, wadda ta samo asali tun 1907, ta ce a yi rajistar auren cikin mako guda da ɗaura shi, da ango da waliyyi da shaidu biyu da limamin da ke da lasisi. Mutane da yawa ba sa yi, sai ranar neman biza ko rabon gado su tarar babu takarda, matar kuma ita ce ke shan wahalar. Shaidun da suka zo daga nesa kada a bari su hau mota ranar Litinin, a riƙe biyu daga cikinsu, a ba su masauki da abinci har sai sun sa hannu.